Muryar Yayar Inna a Shafin Tsohon Gari

Ƙarfe huɗu da kwata na yamma ne, an idar da la'asar. Mu uku ne a rumfar tsakar gida: ni, da Inna mahaifiyata, da 'yata ta biyu wadda ke karatun kwamfuta a Kano.

Ga abin da ya tara mu. Mu mutanen da ruwan Tiga ya tasa ne. Garinmu na asali yana ƙarƙashin dam, inda muke zaune yanzu a ƙasar Bebeji kuwa sabon mazauni ne. Yarinyar ta shafe hutunta tana bin tsofaffi da waya, tana ɗaukar muryarsu a kan tsohon gari. Cikinsu har da yayar Inna, wadda aure ya kai Doguwa. Bayan damina yayar ta rasu, ciwon ƙafa kuma ya hana Inna zuwa jana'iza. Wayar da aka yi ɗaukar da ita ta faɗa a ruwa wajen ban ruwan albasa. Muryar ba ta rage ko'ina ba sai a rumbun ajiya na intanet, wanda yarinyar ta ce wata babbar na'ura ce a wata ƙasa. A ranar za ta haɗa shafin da ta gina da wannan rumbu, Inna ta ji yayarta.

Ni ba na son aikin gaggawa. Na ce ta fara da bismillah, ta bi abu ɗaya bayan ɗaya. Da farko shafin ya ƙi isa rumbun. Ta duba, ta ga kalmar sirrin da ta saka tsohuwa ce, ta gyara. Sunayen ƙauyuka suka jeru a kan allo. Daga nan ta taɓa sunan tsohon garinmu. Allon ya yi fari, ya yi ta juyi, sannan ya ce an yi ta tura shi gaba har ya gaji.

Inna ta ce, "Ke ja'ira, kin dai ɓatar min da yaya."

"Tsohuwa, ki bar ni in yi aiki. Tana nan."

"Tana ina? Tun ɗazu kike latse-latse kamar mai tsince wake."

Suna wasansu na kaka da jika, amma na ga Inna ta daina jan carbi. Na ce wa yarinyar, "Bar latsawa. Faɗa min da baki, in mutum ya taɓa nan, ina ake kai shi?"

Ta bi layin rubutun da yatsa. Ta ce tun farkon aikin ta tsara cewa duk wanda ya nemi tsohon gari a wuce da shi shafin sabon mazauni, tunda a nan mutanen suke. Sai ta ɗago kai.

"Baba, ka tuna ranar da ka ce ba a ambaton sabon mazauni kafin tsohon gari?"

Na tuna. A wajenmu, in baƙo ya tambaye ka kai ɗan ina ne, garin da ke cikin ruwa kake fara faɗa. Shi ya sa na ce duk wanda ya nemi sabo a fara kai shi tsoho. Ta bi umarnina, ta manta da nata tsarin na farko. Ashe tsoho yana tura baƙo sabo, sabo yana mayar da shi tsoho, ba mai ce masa zauna.

Ta tambaye ni wanne za a cire. Kafin in buɗe baki Inna ta ce, "Tsohon gari bai taɓa korar baƙo ba. Wanda ya je, a shimfiɗa masa tabarma."

Yarinyar ta goge turawar duka biyu, kowane gari ya tsaya da shafinsa. Ta share abin da kwamfutar ta riƙe na baya, ta sake taɓawa.

Muryar ta fito da 'yar shaƙewarta. Tana kwatanta hanya daga kasuwa zuwa rijiya: a bar rimi a hannun hagu, a wuce gidan maƙera. Ta ce ƙanwarta ba ta taɓa kai tulu gida a cike ba, don tsoron jakin maƙera.

Inna ta matsa kusa da kwamfutar har goshinta ya kusa taɓa allo. Ta ce, "Kai, Yaya, rimin ai a dama yake." Ta yi dariya, ta share ido da gefen mayafi, ta ce a mayar daga farko. Aka yi ta mayarwa har aka kira magariba. Na tafi masallaci na bar su kai da kai.

Mai karatu, in akwai tsoho a gidanku da ya san garuruwan da ruwan nan ya rufe, ka zauna da shi a makon nan. Ka fara da gaisuwa, ka tambaye shi hanyar rijiya, ka ɗauki muryarsa, sannan ka ajiye ta wuri biyu.