Akuyar da Baba Saje Ya Kai Caji Ofis

Ranar Asabar da ta wuce ɗana na fari ya zauna bakin ƙofa yana goge takalmi, za mu tafi addu'ar tunawa da yayan babanmu da ya rasu. Warin man takalmin nan na bugun hancina sai ya tuna mini da shi. Ni dai tun ina ƙarama, in na ji warin nan a gidanmu na Manga, na san Baba Saje ya zo hutu, kuma babu sauran sakewa sai ya koma.

Haka muke kiransa. Soja ya fara yi, kamar yawancin samarin ƙasarmu, ya je yaƙi ya dawo da ƙafafunsa, sannan ya shiga ɗan sanda har furfura ta cim masa a ciki. Ba zan hana shi abin da ke nasa ba. Ya ga wuta, kuma ban taɓa jin an ce ya karɓi na goro a hanya ba. Sai dai mutum ne da ya ɗauka duniya duka bariki ce. Da sassafe zai jera mu a tsakar gida, sanda a hammata, yana duba mana farce. Babanmu, ƙanensa ciki ɗaya, wanda ya riƙe gonar gado da tsohuwarsu duk shekarun da yake yawo, Baba Saje ba ya kiransa sai farar hula. Buhun dawar da ake ɗaura masa a mota in zai koma kuwa, bai taɓa tambayar wace hula ta noma shi ba.

Ku da kuka tashi a gari, bari in gaya muku yadda noman namu yake. Gonarmu ta gindin dutse ta fi ƙarfin mutum ɗaya. In ruwa ya zauna, ciyawa ta taso, gayya ce ke fid da kowa. Wani dattijo maƙwabcinmu shi ke raba ranaku. In ya ce gobe gonar wane, ba mai zama gida. Haka kuma in dabbar mutum ta tsinke ta yi ɓarna, ba a kai ƙara. Mai dabba zai zo da tulun burkutu ya durƙusa, ya ba da haƙuri, ya yi alkawarin yinin noma, a sha tare, magana ta mutu.

To, a daminar da nake ba ku labari, akuyar dattijon nan ce ta tsinke turke ta shiga dawarmu, ta ci gefe guda. Washegari sai ga shi ya shigo da sallama, ɗiyarsa na biye da tulu a ka. Babanmu ya shimfiɗa masa tabarma. Ana cikin gaisuwa Baba Saje ya fito daga ɗaki cikin kaki, shi da ke hutu, ya ce ina akuyar, a kawo ta, shaida ce.

Babanmu ya ce, "Yaya, haƙuri ya zo bayarwa. Ai magana ta wuce."

"Ɓarna a gona laifi ne," in ji shi. "Kai me ka sani, farar hula?"

Dattijon ya tuna masa a hankali cewa shi ya fara koya masa riƙon garma. Baba Saje bai ko dube shi ba. Da aka kawo akuyar, ya ɗauki igiyarta, baki ɗaya na wuyanta, ɗaya bakin ya ɗaure wa tsoho a hannu, ya sa su gaba sai Zuru. Kuma ranar kasuwa ce. Matan garinmu da ke hanya da kaya a kafaɗa suka riƙa kau da kai don kada su haɗa ido da tsohon. An ce da suka isa caji ofis, babban wurin ya dubi akuya, ya dubi tsoho, ya ce a kwance shi su je gida su sasanta. Baba Saje ya dawo yana ƙorafin aiki ya lalace, yaran yanzu ba su san doka ba. Bayan kwanaki kaɗan hutunsa ya ƙare, ya hau mota da buhunsa.

Ranar gayyarmu ta zo, don tun kafin abin ya faru aka sa ta. Innarmu ta tuƙa tuwon dawa tukwane, da miyar yakuwa, burkutu ya nuna yana kumfa. Muka kwashe komai zuwa gona muka ajiye a inuwar ɗorawa. Babanmu ya wasa fartanya ya zauna. Hantsi ya yi. Rana ta take. Can sai muka ji kiɗan gayya yana tashi daga wata gona a bayan rafi, da waƙar samari, da guɗar mata. Tamu kuwa babu wanda ya leƙo. Babanmu ya miƙe ya kama noman kunyar dawa ɗaya shi kaɗai, mu kuma muka zauna muna kore wa tuwo ƙuda har ya yi tsami.

Ya je wurin dattawa ya durƙusa. Suka ce ba su da magana da shi, wanda ya ɗaure tsoho shi zai zo ya ba da haƙuri. Babanmu ya aika wa yayansa saƙo ta hannun wani direba. Amsar da ta dawo ita ce hukuma ba ta ba da haƙuri.

Ciyawa ta cinye rabin dawar. Kafin wata damina ta kai rabi rumbunmu ya koma ɗakin ɓera, muna cin ganyen tafasa da ɗan gari a kai, innarmu na takawa har Dirin Daji roƙon hatsi wurin 'yan'uwanta. Tsohon nan har ya bar duniya bai ƙara taka ƙofarmu ba, gayya ma ba ta dawo ba. Babanmu ya bar wa daji rabin gonar, ya tsufa a duƙe kan sauran rabin.

Baba Saje ya yi ritaya ya gina gida a unguwar Rikoto ta Zuru. Kullum yana bakin ƙofa a kujera, duk wanda ya zauna kusa sai ya ji labarin akuya, wai shi ko maƙwabcin gidan ubansa bai ƙyale ba.

A wurin addu'ar, majami'a ta cika. Tsofaffin abokan aikinsa sun zo da lambobinsu a ƙirji. Ɗaya ya tashi ya ce marigayi bai san sani ba, bai san sabo ba, ya kawo labarin akuyar nan ya zama misali. Mutane suka yi ta tafi. Ban ga laifin yaran da ke wurin ba. Yanzu gayya ta kusa mutuwa, kowa ya sayi maganin feshi ya kashe ciyawarsa, ba ya neman kowa, a kan kaza ma sai a kai juna caji ofis. Ina za su san abin da igiyar nan ta yanke?

Wata 'yar zumuntar mata da ke gefena ta taɓa ni, ta ce, "Maman yara, babanku ne fa ake yabo, ba ki tafa ba."

Na ce mata, "Ku tafa, 'yar'uwa. Ni na ci tafasar shekarar."