Na Tsallake Danja a Hanyar Baiyun

Karatu ne ya kai ni Guangzhou. Da na gama, na samu lasin tuƙi, na shiga ɗaukar kayan 'yan kasuwarmu na Kano daga kasuwar Shisanhang zuwa filin jirgin Baiyun. Shekara biyu ban ko gogi motar wani ba.

A mashigar da muke hawa babban titi akwai danja. Kore ya kawo, mota biyu su wuce, ya koma ja. Kana tsaye, na bayanka na danna oda, waya na ƙara a aljihu.

"Ƙarfe huɗu suke rufe karɓar kaya," in ji Alhajin da nake wa aiki. "Kana ina?"

"Ina danja, Alhaji."

"Kai kullum danja!"

Da farko nakan liƙe wa mota ta biyu, in take totur in bi ta. Kyamara ta ɗauke ni sau biyu, lasina ya kusa tafiya. Sai wani direba ya nuna mini yadda ake manna baƙin tef a lambar mota ta koma wata. Na ce masa Allah ya kiyaye. Bayan mako guda na manna. Laifina ya riƙa faɗawa kan wani bawan Allah da ban sani ba, ni kuwa ja da kore suka zama ɗaya a wurina.

Wata Laraba bayan azahar, ana yayyafi, na tsallake ja a guje don in riga wata tirela shiga layi. Ban ga wata mata da ke aikin gyaran titi ba, sai da na banke ta. Ta rayu, amma ba ta ƙara takawa da ƙafarta ba.

A kotu tafinta ya ce alƙali na tambaya, saurin me nake yi? Na ce kaya. Mijin matar ya dube ni.

Shekara uku na yi a kurkuku, a ɗakin da fitilarsa ba ta mutuwa, babu mai jin Hausa ko ɗaya. Ina ciki mahaifiyata ta rasu. Sai bayan wata huɗu labari ya iso ni.

Da aka sake ni, 'yan sanda suka raka ni har ƙofar jirgi.

Ƙannena masu riƙe sitiyari, in an matsa muku ta waya, ku kashe ta ku jira kore. Kada ku taɓa lambar mota. Ni na tuba, kullum ina roƙon gafarar Ubangiji. Amma haƙƙin matar nan yana wuyana, ƙasar kuma an hana ni shiga, ba ni da hanyar da zan ce mata ta yafe mini.