Shekarar da Yatsun Inna Suka Ƙi Lanƙwasa

Inna tana wanke gero na fara lura da hannunta. Na zo gida Barkiya hutu daga Dutsin-Ma, inda nake koyarwa, damina ta yi nisa. Ta tsamo hannu daga ƙwarya sai na ga yatsun sun yi fari fat kamar ba jini, can kuma suka yi shuɗi-shuɗi. Ta ce tun bara suke mata haka, in ta sa su a hammata sai su dawo.

Kafin kaka fatar hannun ta ɗaure tana sheƙi, zoben azurfarta ya ƙi fita sai da maƙeri ya yanke shi. Wasu suka ce sanyi ne, wasu suka ce sammu. Na kai ta asibiti a Dutsin-Ma, aka tura mu Katsina.

Likitar doguwa ce, mai magana a hankali. Bayan an ɗebi jini sau biyu ta zaunar da mu, ta ce garkuwar jikin Inna ce take yaƙar fatarta da gaɓoɓinta. Ba a gama sanin dalili ba, in ji ta, amma masu bincike suna zargin ƙwayar cuta kan shiga jiki ɗauke da wani sinadari mai kama da na naman mutum. Jiki ya kore ta, amma ya ci gaba da farautar duk abin da ya yi kama da ita.

Inna ta daɗe tana kallon tafinta.

"To, likita, yaushe ta shige ni?"

"Wataƙila tun kina yarinya, Inna. Ba mai iya cewa."

A motar dawowa ta jingina da taga, gonakin dawa suna wucewa, ta shiga tuno kowane zazzaɓi da ta taɓa yi. Akwai na shekarar da aka haƙa rijiyar unguwarsu, da ta kwanta tana ganin rufin ɗaki yana gudana kamar rafi, kakarta tana mata fifita. Akwai ciwon maƙogwaron da ya kama ta bayan ta haife ni. Muryarta tana shiga gyangyaɗina tana fita, har na fara ganin rijiyar nan da ban taɓa sani ba, da wata ƙaramar yarinya tana leƙa ta. Sai a Kurfi na farka.

Maganin bai warkar da ita ba, ya dai sassauta. Yanzu ƙanwata ce ke dama fura. Inna takan zauna a rana da hantsi, safar ulu a hannu, tana ce mata nonon ya yi yawa.