Ƙullin da Gwaggo Ta Ɗauko daga Bamenda

Ina kwance ƙullin da Gwaggo Ladi ta sauko da shi daga mota, sai na yi turus. Farin yadi ne kawai a ninke, yana ƙanshin turare.

Ƙanwar babanmu ce. Da harbe-harbe suka yi yawa a unguwarsu a Bamenda, muka matsa mata ta dawo wurinmu a unguwar New Bell. Direba ya ce mota ta cika, kowa ya ɗauki "essential" kaɗai, wato abin da ba makawa sai da shi. Na zaci zannuwa da maganin hawan jininta zan gani.

Na ce, "Haba Gwaggo! Kin bar suturarki da keken ɗinkinki, kin ɗauko likkafani?"

Ko a jikinta. Ta ce, "Ɗan nan, da zamzam na wanke shi a Makka. Magani akwai a kanti. Zane matarka za ta ara mini, in na samu nawa in mayar mata. Wannan fa, in na ara, wa zai mayar?"

Tana nan garau, jiya ma ita ta tuƙa mana tuwo. Ƙullin yana ƙarƙashin matashinta.

Ku fa, in abu ɗaya aka ce ku ɗauka, kan me hannunku zai fara kaiwa?