Dattijo Mai Kalar Ruwa a Tashar Kakuri

Rifkatu na tsaye a tashar Kakuri tana jiran motar Narayi, idonta na kan wani dattijo da ke zaune a benci. Rigarsa irin ta ma'aikatan masaƙa ce, duk ta koɗe. Ƙila shi ke zana furannin atamfa kafin a rage ma'aikata. Takarda na bisa gwiwarsa, ga ruwa a gwangwanin madara, yana zana wata mai gasa masara da kalar ruwa.

Sai ɗigon yayyafi ya faɗo tsakiyar zanen, kala ta malale. Irin haka ce ta sa Rifkatu ta yayyaga nata zanen a kwalejin horon malamai, yau shekara goma sha biyu rabonta da buroshi.

Dattijon kuwa ko tsaki bai yi ba. Ya ɗan karkata takardar, malalar ta zama hayaƙin murhu. Ya ɗago kai, ya miƙo mata buroshin.

"'Yata, zo ki gwada mana. Ai takarda ce kawai."

"Baba, sauri nake yi," in ji ta.

Motar ba ta zo ba sai bayan awa guda.