Abin da Ban Faɗa wa Inna Hajara ba

Ina neman afuwar mai karatu bisa wannan damuwa da zan ɗora masa. Na jinkirta rubutun har aka yi addu'ar bakwai, ina fatan zuciyata za ta kwanta, ba ta kwanta ba.

Ranar Talata da hantsi limamin masallacinmu na Gyadi-Gyadi ya tsaya a ƙofar gidana, ya yi sallama, ya ce, "Sani, ɗauko kayan aiki. Yau Malam Inuwa ne." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ɗauko ganyen magarya da kafur da tsumman naɗe hannu, na tarar ba zan iya ɗaure bakin jakar ba, sai shi ya ɗaure mini.

Malam Inuwa mai gyaran keken ɗinki ne, amma a Tarauni an fi saninsa da wankan gawa. Tun ina saurayi yake wannan aiki don Allah, ga attajiri da ɗan dako. Da hannunsa yake auna ɗumin ruwan, kamar mamacin zai yi ƙorafi. Yakan ce, "A juya shi a hankali, baƙo ne, yanzu zai wuce." Ni kuwa ilimina na ƙananan littattafan da ake shimfiɗawa a bakin masallacin Juma'a ne. Da su na je wurinsa koyo, na ja layi a ƙarƙashin kowace ƙa'ida. Ya duba, ya ce, "Madalla. To ajiye, kama mini ƙafa."

Yana da ƙa'ida guda da ban gani a takarda ba: ba ya faɗin abin da ya gani a jikin mamaci, ko da alheri ne. Ni kuma na karanta cewa ana so mai wanka ya bayyana alama mai kyau, ya rufe mummuna. Wata rana a unguwar Darmanawa, bayan mun fito daga wankan gawa, na shaida wa dangin mamaci cewa goshinsa na tsattsafo da gumi, fuskarsa na haske. Suka yi ta hamdala, labari ya bazu. Sai da muka dawo daga maƙabarta Malam ya yi mini magana. Ya ce, "Ka faranta wa gida ɗaya. To gidajen da muka fito muka yi shiru fa, me ka gaya musu yau?" Ban sake ba, amma unguwa ta riga ta ɗauka cewa Sani yana faɗa idan ya ga alheri.

Rayuwarsa ba ta zo da sauƙi ba. Shi ya wanke ɗansa guda ɗaya namiji. Sana'arsa ta ja baya, daga ƙarshe ɓarin jikinsa ya shanye, ya shekara biyu a kwance. Na taɓa kasa haƙuri na ce, "Malam, na karanta abin da Allah Ya alkawarta wa masu biyayya, na mafita da rayuwa mai daɗi. Kai fa?" Ya yi dariya da rabin bakin da ya rage masa, ya ce, "Littafin naka ya ce a Gyadi-Gyadi za a cika? Wanda Ya yi alkawarin ba Ya mantuwa. Kai ne mai gaggawa." A wannan zaman ya riƙe hannuna ya ce, "Kai za ka wanke ni. Idan ka fito, kada ka ce komai. Idan ka yabe ni, ka tona asirin duk wanda na yi shiru a kansa." Na ce na ɗauka.

Na wanke shi, muka sa shi a likkafani, aka sallace shi, muka kai shi. Washegari na je gaida matarsa, Inna Hajara, tana takaba. Daga bayan labule ta ce, "Sani, kai ka gan shi ƙarshe. Ka ga irin abin da ka gani a Darmanawa?"

Na ce, "Inna, mu yi masa addu'a."

Ta ce, "Addu'a ina yi. Tambayarka na yi."

Na yi shiru. Ta daɗe tana jira, sannan ta ce, "To, na ji." Tun ranar, 'yarta ta ce mini ko kunu da ƙyar take sha. Na kuma ji mata masu zuwa gaisuwa suna raɗa cewa Sani ya fito bai ce komai ba. Mutumin da ya rufa wa unguwa asiri, yau kuskurena ne ke jefa shakka a kan nasa. Ina shaida wa kowa cewa shiruna umarninsa ne, ba hukunci ba. Na aika mata da wannan bayani, ta ce ai ko ba haka ba ne, haka zan faɗa.

Allah Ka jiƙan Malam Inuwa, Ka yalwata kabarinsa, Ka suturta shi kamar yadda ya suturta bayinKa, Ka cika masa alkawarin da ya yi ta jira bai ƙosa ba. Allah Ka sanyaya zuciyar Inna Hajara da 'ya'yanta, Ka yafe mini saurin bakina.

Roƙona ga masu karatu, a rubuce, ta hannun limaminmu:

1. Duk wanda Malam ya wanke masa mamaci, ya rubuto abu guda da ya gani na halin Malam yana raye, in sa a karanta wa Inna.

2. Malamai masana su amsa mini: ya halatta in saɓa alkawarin da na ɗaukar wa mamaci domin mai rai ta samu ta ci abinci?

Kafin amsa ta zo, kullum da safe zan tsaya a bakin labulen in gaishe ta, ta tambaye ni, in yi shiru.