Gidanmu Ba A Cin Anza

Surukina ya fi tsoron bakin mutane a kan yunwa. Da ƙuruciyarsa ya yi wata damina da ya cika rumbuna har aka naɗa shi sarkin noma, kuma tun daga ranar bai sauko ba. Gidansa aka kai ni aure, a wani ƙauye gabas da Kwaya, nan na haifi ɗana na fari. Ina shirin yaye shi farin nan na shekarun saba'in ya faɗo mana. Gero ya ƙone a tsaye, gyaɗa ko irin da aka zuba ba ta mayar ba. Mijina ya tsallaka iyaka neman aiki, ya bar ni da yaro a hannun iyayensa.

Kafin bazara mun koma kunu sau ɗaya a rana, kunun da kake hango gindin ƙwarya ta cikinsa. Nonona ya ƙafe. Yaron ya daina gudu, sannan ya daina tafiya, gashinsa ya yi ja ya kwanta.

A lokacin ne matan gari suka gane daji. Da can itace kawai muke nema a ciki, sai saiwar magani in ciwo ya tashi. Amma wasu fatake suka fara zuwa kasuwar Magariya suna sayen 'ya'yan gawo buhu-buhu, wai masu kiwon shanu a ƙetare ke so. Abin da awaki ke tsinta a banza ya zama abin kaiwa kasuwa a dawo da hatsi. Maƙwabciyarmu, wata Bafillatana da shanunsu suka ƙare, ita ta fara fasa ƙwallon aduwa tana fitar da mai. Ta kai jikarta wajen likita, aka ce mata ta riƙa ɗiga man a kunu tana zuba garin 'ya'yan kuka. Da idona na ga yarinyar ta miƙe. Sai kuma anza, wadda ake jiƙa 'ya'yanta ana canza ruwa har ɗacin ya fita, a dafa kamar wake.

Ba na iya yi wa surukina magana ido da ido, ba a yi. Ga kunyar ɗan fari, ko sunan yaron ba na faɗa, balle in tsaya gaban manya ina roƙo dominsa. Sai na bi ta wajen uwar mijina.

"Inna, ki yi wa Baba magana. In bi matan nan daji ko da safe ne, in dawo kafin rana ta yi."

Ta je. Bai ba ta amsa a hankali ba, ya ɗaga murya daga zaure yadda zan ji.

"Ki gaya wa yarinyar nan gidanmu ba a cin anza. Ubana bai ci ba, ni ban ci ba. Matar gidan sarkin noma ta fita da ƙwarya tana tsintar abincin awaki? So take a ce rumbuna ya ƙare?"

Rumbun kuwa ya ƙare. Ɓeraye ma sun sani, sun yi ƙaura. Duk garin babu wanda bai sani ba, amma kullum sai surukina ya sa a jingina tsani a jikin rumbun don masu wucewa su ɗauka ana hawa. Har yau in na tuna tsanin nan sai raina ya ɓaci.

Bafillatanar ta miƙo mini ɗan mai a kwalba ta kan danga. Inna ta karɓe ta mayar, wai kada Baba ya ji an fara yi mana sadaka. Ban ga laifinta sosai ba. Ita ma ta tsufa tana tsoronsa.

Ranar da ƙafafun yaron suka kumbura, na danna yatsa wurin ya lotsa bai dawo ba, na goya shi na fice ban sallami kowa ba. Sai dai dajin da ke kusa an riga an share shi. Ƙarƙashin kowane gawo sawun ƙafa ne kawai, aduwa an kaɗe ta tas, anza sai ganye. Matan da suka fara da wuri sun koma nausawa can wajen Dogo-Dogo da jakuna. Na yini ina yawo, na dawo da 'yar anzar da ba ta rufe gindin ƙwarya ba. Na jiƙa ta a ɗakina a ɓoye. Anza ba ta jin sauri, sai ta sha ruwa kwanaki, in ba haka ba ɗacinta ya fi ƙarfin babba ma. Tana cikin ruwan nan yaron ya rasu, da hantsi, a cinyata.

Aka kai shi aka dawo. Maza suka zauna a ƙofar gida, ni ina bayan zana, an hana ni kuka da ƙarfi saboda ɗan fari ne. Gidan babu abin da za a ɗora a wuta don masu gaisuwa. Da azahar maƙwabta suka aiko da abin da suke da shi, aka shigar wa maza da babban akushi.

Ina jin su suna ci. Can sai na ji muryar surukina.

"Wannan waken daga ina, a wannan shekara?"

Wani dattijo ya ce, "Ba wake ba ne, Sarkin Noma. Anza ce, da man aduwa."

Na saurara in ji ya tofar, ko ya ture akushin. Da ya yi haka, wataƙila da na yafe masa wani abu. Sai na ji ya taune, ya haɗiye.

"Ikon Allah," in ji shi. "Ashe ba ta da ɗaci. A duba mana ko da saura."